Ranar da Ƙugi Ya Shiga Waƙar Baba Mati

Ko tsufa zai kwashe mini duk abin da na gani a aikin nan, ba na jin zai taɓa Asabar ɗin da Baba Mati ya zo ɗaukar murya. Ku da kuke koyon aiki a wurina kun sha tambayata dalilin da ya sa na kewaye wancan ɗan wurin na bayan ɗaki da bulo, na yi masa murfin ƙarfe, har na sa kwaɗo. Wani a cikinku ya ce ko zinariya na binne. To yau ku zauna ku ji.

Na yi shekaru ina teknisiya a wani gidan rediyon karkara. Da naɗe waya da ɗaukar kaya na fara, daga baya aka ba ni zama gaban na'urori, a ƙarshe na zama shef teknik, wato mutumin da ake nema ruwa a jallo idan abu ya lalace, a manta da shi idan ya gyaru. Da na ajiye aiki sai na dawo gida Madarumfa, na mai da ɗakin da ke ƙarshen gidana wurin ɗaukar murya. Kayan ba su da yawa: ordinater ta hannu, wato kwamfuta, ɗan akwatin da ke karɓar murya, mikoro ɗaya mai kyau da ake magana a cikinsa, lasifika biyu, da abin sawa a kunne da muke kira kas. Sauran duk tsofaffin katifu ne a jikin bango.

Ga wanda bai san aikin ba, mai ɗaukar murya yana da abokan gaba biyu. Na farko hayaniya, ita daga waje take zuwa: injin niƙan maƙwabta, 'yan kabu-kabu, zabin Rabi matata, injunan ban ruwa na masu lambu a bakin tabki. Maganinta katifa a taga da haƙuri, da sanin lokacin da mai niƙa ke tafiya cin abinci. Na biyu shi ne ƙugi. Shi ba a ɗaki yake ba, cikin waya yake. Idan ka cire kas ba za ka ji komai ba, kana mayarwa sai ka ji mmmm a ƙarƙashin muryar mutum, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, kamar an bar babbar mota a kunne a ƙofar gida. Asalinsa wutar lantarki ce. Kullum akwai ɗan ragowarta da ke yawo a jikin na'urori, idan ba ka ba ta hanyar sauka ƙasa ba sai ta bi murya ta ɓata maka aiki.

Hanyar saukar ita muke kira ter. Rami ake haƙawa mai zurfi, a kafa sandar jan ƙarfe a ciki, a zuba gawayi da gishiri don su riƙe damshi, a ɗaura mata waya a shigo da ita ɗaki. Da damina ba ruwanka da ita. Amma da bazara ƙasarmu takan bushe ƙarau, ter ya yi sanyin aiki, saboda haka kowace safiya nakan ɗauki buta in zagaya in ba wurin ruwa. Bayan ɗakin nawa fili ne, kowa ta nan yake bi.

Yanzu ku dubi lamarin da idon mai wucewa. Mutum ya binne jan ƙarfe da gawayi da gishiri, kullum da sassafe yana tsugune yana zuba masa ruwa, kuma duk wanda ya shiga ɗakinsa, komai shaƙewar muryarsa, sai ya fito da waƙa tas. Kafin a jima gari ya gama yanke hukunci. Na yi bayani a majalisa, na yi a kasuwa, na yi wa limamin unguwa har ya gane ya yi dariya. Sauran jama'a kuwa sai su gyaɗa kai su ce, "Haka ne, Malam Issufu, ai mun gane, kowa da sirrin sana'arshi." Da na gaji sai na daina.

Baba Mati mawaƙin masunta ne. Tun ina yaro shi nake ji yana waƙa a bakin tabki, ba kalangu ba gurmi, shi da muryarsa kawai. Yana da wata doguwar waƙa da ke bin gidajen masunta gida gida, tana kiran waɗanda suka riga mu da sunayensu, da wurin da kowannensu ke sa taru, da halin da aka san shi da shi. Ba wanda ya iya ta duka sai shi, kuma ba a taɓa ɗaukarta ba. Na roƙe shi sau da yawa, amsarsa ɗaya ce: wa zai saurari akwati alhali mai waƙar yana nan? Sai a bazarar nan da nake ba ku labari wani abu ya fito masa a maƙogwaro. Lokotoro, wato likita, a Maradi ya ce sai an yi masa aiki ranar Litinin, ya kuma gaya masa gaskiya, cewa in Allah ya so zai tashi, amma kada ya sa rai da murya.

Ranar Laraba ya zo da ƙafarsa ya same ni.

"Issuhu, in kana son abin nan, Asabar ce, in ta wuce shi ke nan. Kuma da sahe. Rana na ɗagawa muryar ke tahiya."

Na ce Asabar, da safe, ni da shi kaɗai. Ban san maganar ta riga ta kai kunnen wata ƙungiyar raya al'adu da muke da ita ba. Ƙungiya ce da masu muƙami suka fi membobi yawa. Shugabanta, wanda suke kira perzidan, Alhaji Garba ne mai kantin kayan gini, sakatare janar kuma Mushe Abdu, tsohon malamin makaranta, da yake Mushe muke kiran malaman boko a nan. Washegari suka zo suka shaida mini cewa ƙungiya ta ɗauki nauyin wannan aiki na tarihi. Da na bincika abin da nauyin ya ƙunsa, sai na ga rumfa ce da kujeru da ƙyalle mai ɗauke da sunan ƙungiya. Na ce ɗaukar murya ba ta son taro. Alhaji ya ce kada in damu, ba taro ba ne, mambobin ofis ne kawai, wato masu muƙami.

Ranar Juma'a na tafi Maradi sayen sabuwar wayar mikoro, don ba na son komai ya ba ni kunya, ban dawo ba sai da yamma lis. Asabar da sassafe na ɗauki butata na zagaya, sai na tarar rumfa ta tsaya a bayan ɗakina, an shimfiɗa babbar tabarma daidai kan wurin ter, an jera kujerun manya a kanta, mambobin ofis har sun fara cika su. Na tsaya da buta a hannu, suna kallona ina kallonsu. Na ce a raina ruwan yau ya haƙura, kwana ɗaya ba zai yi komai ba.

Baba Mati ya iso da ruwan ɗumi da zuma a gora, ya shiga ɗaki ya zauna, ba ya magana sai da hannu don tattalin murya. Na kunna kaya, na sa kas.

Mmmm.

Irin wannan ƙugin ban taɓa jinsa a ɗakina ba. Amma aiki yana da ƙa'ida, kuma ita nake so ku riƙe: abu ɗaya ake taɓawa, a saurara, sannan a taɓa na gaba. Na kashe fanka, yana nan. Na kashe doguwar fitilar ɗaki, yana nan. Na ce wa Rabi ta zare firijo, yana nan. Na cire sabuwar waya na mai da tsohuwa, na raba wayar murya da wayar wuta don kada su kwanta a kan juna, na fitar da salula daga ɗaki. Ƙugi bai ko gezau ba.

Kuskuren da aka yi shi ne Mushe Abdu ya leƙo ya tambayi abin da ya tsai da aiki, na sa masa kas ya ji. Ya fita ya kai rahoto, nan take rumfa ta zama zaman gaggawa. Ta taga nake jin su. Mushe Abdu ya ce a saninsa wuta ce ta yi tafiya mai nisa ta gaji, shi ya sa take nishi. Mataimakin perzidan na ɗaya ya ce aikin maƙiyan ƙungiya ne, kuma ya san su, sai dai ba zai kama suna ba. Mataimaki na biyu ya ce bai yarda da na ɗaya ba, amma yana goyon bayansa. Aka kawo shawarar kafa kwamitin binciken ƙugi, aka fara gardamar wanda zai shugabance shi. Ni kuwa ina kallon rana tana hawa bangon maƙwabta, ina kallon Baba Mati yana kurɓar ruwan zumarsa.

Sai na kai hannu zan gyara zaman akwatin karɓar murya, na ji ya ɗan tsikare ni a yatsa, ƙugin kuma ya canja a kunnena. Duk teknisiya ya san ma'anar wannan. Ragowar wuta ta rasa hanyar sauka, ter ba ya nan. Rashin ruwan kwana ɗaya ba ya yin haka. Na fita, na roƙi Alhaji Garba ya ɗan tashi, na janye kujerarsa, na ɗaga tabarma. An tone wurin an cike, an daddaɓe shi sumul. Wayata tana nan a gindin bango, an datse ta.

"Alhaji, ina ƙarfen da ke nan?"

Ya gyara babbar rigarsa, ya yi gyaran murya irin na shugabanni. "Ni na sa anka hidda shi, jiya da kana Maradi. Malam Issuhu, muna ganin girmanka, shi ya sa ba mu so mu yi maganar cikin mutane ba." Ya faɗi haka a gaban rumfa cike da mutane. "Amma aikin ƙungiya aiki ne mai tsarki. Ba mu haɗa shi da tsahi."

"Ba tsafi ba ne, Alhaji, ter ne. Akwai abin da ke yawo cikin wayoyi, ƙarfen ne ke jan shi ya kai shi ƙasa."

Alhaji ya juya ga jama'a. "Kun ji ko? Da bakinshi ya hwaɗi. Akwai abin da ke yawo."

"Wuta ce nake nufi!"

"Wuta kau. To mi kake ba shi?"

"Ruwa. Sai gishiri da gawayi da na zuba tun farko."

Rumfa ta ɗauki salati. Mushe Abdu ya ɗaga hannu kamar a aji, ya ce yana da tambaya ɗaya don a fahimci juna. "Wato yanzu don an tone shi ne yake wanga ƙugi?"

Na buɗe baki in ce a'a, sai na ga amsar gaskiya e ce. Na ce e. Wasu na kusa da wurin suka ja kujerunsu baya. Wallahi ban taɓa jin takaici irin na wannan lokacin ba, domin duk kalmar gaskiya da na faɗa sai ta zama shaida a kaina.

Hayaniyar ce ta fito da Baba Mati. Ya tsaya ya dafa bango, ya ce, "Ni gidan da ake tsahin nan na tashi, kakannina a kanshi sunka mutu. Ban taɓa ganin wanda ake ɗaura ma wayar lantarki ba. Ku bar Issuhu ya yi aikinshi." Ba wanda ya ji shi, suna can suna faɗaɗa aikin kwamiti. Ni kaɗai na ji, kuma abin da na ji shi ne ƙarshen maganar ya fito da ɗan kaushi. Muryar ta fara tafiya, kuma a kan shirme aka kashe wannan ɗan abin.

Na tambayi Alhaji inda ƙarfen yake, in mai da shi ko na wucin gadi. Ya ce an jefa shi tsakiyar tabki, inda ba zai sake cutar da kowa ba. Sabo kuma sai Maradi, kafin a je a dawo a haƙa rami rana ta raba.

Hanya ɗaya ta rage. Idan ka zare komai daga wutar gari, ka bar ordinater a kan batirinta, ita kuma ta ciyar da akwati da mikoro, ƙugi ba shi da ta inda zai shigo. Matsalar ita ce batirin tawa ya tsufa, in ya yi ƙoƙari sosai zai isa a ɗauke waƙar nan sau ɗaya, ba gyara ba maimaici. Na koma na gaya musu na sami dabara, amma lokaci kaɗan ne. Suka yi hamdala. Mushe Abdu ya miƙe ya karanto tsarin da ofis ya amince da shi. Da farko jawabin perzidan, sai tarihin ƙungiya daga sakatare janar, sai tsokacin mataimaka, sai godiya ga baƙi. Duk za a ɗauka a sa a farkon waƙar, don 'yan baya su san waɗanda suka yi wahala. Bayan nan sai mawaƙi.

Na san jawabin Alhaji. Na taɓa ɗaukarsa a rediyo, gaisuwa kaɗai sai da ta cinye shirin. Na dubi ƙofar ɗaki inda tsohon ya koma ya zauna, na ce musu ina zuwa.

A cikin gida na sami Rabi tana huci. Ita ta ga masu tonon jiya, suka ce mata Alhaji ne ya aiko su gyara wurin rumfa, har fura ta dama musu. Na gaya mata abin da nake so, kafin in rufe baki ta ɗauki mayafi. Akwai wani tsohon mikoro da na taho da shi daga rediyo, ƙato, mai ƙyalli, ya mutu tun ban ajiye aiki ba, amma a ido ya fi na ɗaki kwarjini nesa ba kusa ba. Na kafa shi a gindin dogon yaron da ke ƙofar gida, can nesa da ɗakina. Na jona masa doguwar waya, na ja ta ta zaure har tsakar gida, na ɗaure ƙarshenta a jikin turmin Rabi. Na ɗauko tsohon kas na sa mata, na tura wayarsa ƙarƙashin kujerar da ta zauna.

Sannan na koma rumfa na yi bayani cikin ladabi. Na ce a rediyo ba ma ɗaukar jawabin manya a ƙuntataccen ɗaki, muryar shugaba fili take so. Na ce saboda girman ƙungiya na fito da babban mikoro, wanda ba kowa nake kunna wa ba. Mawaƙi kuwa zan lallaɓa da shi a ƙaramin, a ɗaki, don kada a ɓata lokacin manya. Alhaji ya dubi mikoron daga nesa yana walƙiya a rana, fuskarsa ta saki.

"Ashe dai kana da hankali, Malam Issuhu. Abin nan ne ya so ya ɓata ka."

Suka kwashi kujeru suka koma ƙofar gida, har da ƙyallen ƙungiya. Ina shiga zaure na ji Alhaji ya buga mikoron da yatsa ya ce, "Ana ji?" Rabi ta dafe kas da hannu biyu, ta lumshe ido kamar wadda ta shekara a aikin, ta ce, "Ana ji, Alhaji, tas. Bisimilla."

Na rufe ƙofar ɗaki, na tura katifa a taga, na zare komai daga bango. Na sa kas. Shiru. Shiru mai tsabta, har ina jin numfashin tsohon da motsin rigarsa. Ba fanka, zufa ta fara tsiyaya mana tun ba a fara ba. Na ce, "Baba, sau ɗaya ne. In ka yi tari kada ka tsaya, ci gaba kawai." Ya gyaɗa kai, ya kurɓi ruwan zuma, ya rufe ido.

Na ɗauki muryoyi da yawa a rayuwata, amma ban taɓa riƙe numfashina kamar ranar ba. Ya fara daga gidajen gabas, yana kiran mutane ɗaya ɗaya. Wane mai yawan fushi da kifi, wane da ba ya shiga ruwa sai ya gaisa da kowa, wane da ya ba maƙwabcinsa tarunsa shekarar da nasa ya yage. A tsakiya na ji sunan kakana na wajen uwa, wanda ban taɓa gani ba, da wurin da yake tsayawa a bakin ruwa. Hawaye ya zubo mini, na kasa sharewa don kada hannuna ya yi motsi kusa da mikoro. Daga baya Rabi ta gaya mini cewa a daidai lokacin tana can tana cewa, "Alhaji, kabu-kabu ya wuce, ba ta hito ba, a koma hwarko," shi kuma yana komawa da murna, don ya ce na biyun ma zai fi.

Da aka kai gidajen yamma muryar ta fara tsagewa. Alamar batir ta koma ja. Shi kuwa bai buɗe ido ba. Gida na ƙarshe a waƙar nasu ne. Ya kira kakansa, ya kira mahaifinsa. A nan waƙar take ƙarewa tun ina yaro. Amma ranar sai ya ja numfashi, da ɗan abin da ya rage masa na murya ya kira nasa sunan, ya ce Mati mai waƙa, a nan ya tsaya. Ya yi shiru.

Cikin wannan shirun, can daga nesa, ta zaure ta tsakar gida ta cikin katifa, sai tafi ya shigo, raf raf raf, har da guɗar wata. Alhaji ne ya kammala jawabinsa. Na tsai da ɗauka, na ajiye aikin, ban gama sauke ajiyar zuciya ba allon ya mutu.

Ranar Litinin aka yi wa Baba Mati aiki. A makon nan na sayo sabon ƙarfe, na haƙa sabon rami, na kira magini. Alhaji ya aiko a kai masa jawabinsa, na je da kaina na shaida masa da alhini cewa ba abin da ya fito. Ban yi ƙarya ba. Ya jinjina kai ya ce, "Na sani. Abin ne ya rama." Ya ce ba komai, shugabanci ya gaji haka, kuma an riga an sa a rahoton kwamiti.

Wata safiya bayan haka na bi ta gaban kantinsa tun kasuwa ba ta buɗe ba. Sai ga Alhaji da kansa a tsugune gefen ƙofa da buta, yana zuba ruwa a ƙasa. Na matsa. Kan sandata na gani ya ɗan leƙo, ga gawayi baƙi a kewaye. Ashe tsakiyar tabkin nan ke nan. Ya ɗago muka haɗa ido. Bai ji kunya ba, sai ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Malam Issuhu, tsakaninmu. Gishirin, kullum ake ƙarawa ko sai Juma'a?"

Na ce sai Juma'a ya isa. Ya ce ya lura ciniki ya ɗan motsa.

Baba Mati ya tashi, kamar yadda lokotoro ya ce, kuma muryar ba ta dawo ba, kamar yadda ya ce. Da ya ji ƙarfi ya zo, da ƙyalle a wuya, magana sai raɗa, sai ka kai kunne kusa da bakinsa. Kafin zuwansa na gyara aikin, na cire ƙarar kujera, na rage wani kukan zabo da ya kutso. Tafin nan na ƙarshe na sa masa alama zan yanke, don a ƙa'ida hayaniya ce, ba ta cikin waƙa. Ban kai ga yankewa ba ya iso. Na zaunar da shi, na sa masa kas, Rabi ta tsaya a bakin ƙofa.

Ya saurara daga farko har ƙarshe, leɓɓansa suna bin kowane suna ba sauti. Da ya zo kan nasa sunan ya sunkuyar da kai. Sai tafin ya shigo. Na ga ya ɗago, idonsa ya cika. Ya yafito ni, na kai kunne.

"Ashe sun ji."

Na dubi Rabi, ta juya fuska ta goge ido da mayafi. Na ce, "Sun ji, Baba."

To abin da nake so ku ɗauka shi ne wannan. In kun ji ƙugi kada ku ruɗe, ku bi shi abu ɗaya bayan ɗaya, ku fara duba ter, kuma ku sa masa kwaɗo. In hayaniya ce ku nemi katifa. In kuwa masu ɗaukar nauyi ne, ku sani yawancin waɗanda ke zuwa girmama murya ba jin ta suka zo yi ba, tasu suka kawo, saboda haka ku tanadi mikoro mai ƙyalli da doguwar waya. Aikinmu cire abin da ba ya cikin waƙa ne, a kan haka na tsufa, a kan haka nake faɗa da ku kullum. Amma in kun buɗe waƙar Baba Mati a ordinater ɗin nan za ku ga alamar yanka a daidai ƙarshenta, tana nan inda na sa ta. Duk wanda ya taɓa tafin nan ya bar mini ɗaki.